Amfili Mai Fitila: A Wannan Cinikin, Ji Ne Ya Kori Gani



A 'yan kwanakin nan tambaya guda ta yi ta zuwa mana daga bakin matasa da magidanta, har da wasu abokan aikinmu malamai. Wai shin gaskiya ne amfili mai fitila ya fi na zamani daɗin sauti, musamman wajen fitar da muryar mutum? Idan kuma mutum ya yi niyyar saye, wanne zai ɗauka? Abin da ya tayar da maganar ba ɓoyayye ba ne. Shagunan gwanjo da ake kira burokanti sun cika Duwala, daga Akwa har cikin New Bell, kuma kwantena na sauka a tashar jirgin ruwa ɗauke da tsofaffin kayan gidajen Turai. Ga kuma sababbi ƙirar ƙasar Sin da ake tallarsu a cikin waya, fitilunsu na ƙyalli kamar ɗakin amarya. To, da yake magana ce ta kuɗi masu kauri, kuɗin kuma yawanci daga bakin iyali ake cirewa, muka ga ya kamata mu zauna mu warware ta dalla-dalla.

Da farko, mene ne shi amfilin? Shi ne akwatin da ke karɓar ɗan raunannen sautin da ke fitowa daga rediyo ko kaset ko waya, ya ƙara masa ƙarfi har ya iya motsa lasifika. 'Yan'uwanmu na Kano kan ce amfilifaya. Kafin zuwan tiransisto, da wasu kwalabe na gilashi ake wannan aiki, waɗanda aka zuƙe iskar cikinsu aka bar ƙarafa da wata siririyar waya mai ɗaukar zafi. Su ne masu gyara a nan suke kira fitila, a Nijeriya kuwa akan ce bawul. Wani Baturen Ingila, John Ambrose Fleming, shi ya ƙago ta farko a 1904, sannan Lee de Forest na Amurka ya ƙara mata wani ƙarfe na uku a 1906, wanda da shi ne aka samu hanyar ƙara ƙarfin sauti. Tiransisto bai zo ba sai a 1947, daga ɗakin binciken kamfanin Bell na Amurka, wanda ba ya da dangantaka da gidan sarautar Bell na nan garin. Dattawan unguwar Hausawa ba sa bukatar a yi musu wannan bayani. Sun tuna manyan rediyoyin nan na katako, Grundig da Philips da Telefunken, waɗanda sai an kunna an jira sun yi ɗumi kafin su yi magana. Da irinsu aka fara jin Sashen Hausa na BBC lokacin da aka buɗe shi a 1957.

Yanzu sai batun tsakiyar sauti, wanda shi ne ƙashin bayan tambayar. Sauti dai girgizar iska ne, kuma ana auna shi da yawan girgizar a cikin sakan guda. Kunnen yaro mai lafiya yana ji daga girgiza 20 har zuwa 20,000. Na ƙasa shi ne amo mai kauri, irin na babbar ganga. Na sama shi ne siririn amo, irin na kacau-kacau da ceɓa. Abin da ke tsakaninsu, daga wajen 300 zuwa 4,000, nan ne maganar ɗan Adam take zaune. Hujja ita ce tsohuwar wayar tarho ba ta ɗaukar komai sai daga 300 zuwa 3,400, amma a cikinta kana gane muryar mahaifiyarka tun kafin ta gama sallama.

Wannan yanki ya shafe mu fiye da mutane da yawa. Harshenmu harshe ne na karin sauti da jan wasali. Duk malamin da ya taɓa koyar da Hausa ya san wahalar nuna wa yaro bambancin kukan jariri da bishiyar kuka, ko garin da ake zaune a ciki da garin tuwo, alhali a rubuce duk ɗaya suke. Kiɗanmu ma magana ce. Kalangun Mamman Shata magana yake yi, kuntigin Ɗan Maraya Jos kuwa tsirkiya ɗaya ce tal tana bin muryarsa. Haka goge, haka algaita, haka garaya. Maƙwabtanmu ma ba a bar su a baya ba: muryar Eboa Lotin da jitarsa, ko kakakin Manu Dibango, duk a wannan tsakiyar suke. Mai sauraren karatun Husari ko Abdulbasit kuwa ba ruwansa da dukan ganga, fitar haruffa yake bukata. Saboda haka akwatin da ke girgiza kwanon ɗaki amma ya shaƙe murya, a wurinmu bai yi rana ba.

To daga ina laushin amfili mai fitila yake fitowa? A nan ya kamata a yi gaskiya, domin 'yan kasuwa sun cika zuzuta abin. Babu amfilin da ke mayar da sauti daidai yadda ya karɓe shi, kowanne yana ɗan ƙara nasa. Ƙarin da fitila ke yi, musamman a ƙirar da fitila ɗaya ce ke tura kowace lasifika, wani amo ne mai ninki biyu na amon asali, kamar yaro ya bi babansa waƙa da ƙaramar murya. Kunne ba ya jin wannan a matsayin aibi, sai ya ji muryar ta cika ta yi maiƙo. Sannan idan aka matsa wa amfili ya wuce ƙarfinsa, fitila tana gazawa ne a hankali, tiransisto kuwa yanke sautin yake yi kai tsaye, shi ya sa ake jin wannan ƙara mai tsaga kunne a wuraren biki. Ke nan laushin gaskiya ne, ana jinsa, amma ado ne aka ƙara. A kan ma'auni, amfilin tiransisto mai kyau wanda ba a matsa masa ba ya fi tsabta. A 1985 wani injiniya Ba'amurke, Bob Carver, ya ƙalubalanci editocin mujallar Stereophile cewa zai gyara amfilinsa na tiransisto mai sauƙin kuɗi ya yi sauti irin na wani mai fitila mai tsada da suka zaɓa. Ya yi, kuma suka kasa bambance su da kunne. Mun kawo wannan ne don kada wani ya ɗauka akwai asiri a cikin kwalbar.

Wanda ya ji wannan duka ya ce shi dai yana son wannan maiƙon, to madalla, ga abin da zai duba.

Abu na farko ba amfilin ba ne, lasifikar ce. Ita ce bakin da ke magana, kuma bambancin da ke tsakanin lasifika biyu ya fi na tsakanin amfili biyu nesa ba kusa ba. Amfili mai fitila ƙarfinsa kaɗan ne, don haka yana son lasifika mai saurin amsawa. A bayan akwatin ko a takardarsa akan rubuta lamba ta desibel. Wadda aka rubuta 90 ko fiye ita ce abokiyar tafiyarsa, domin wadda ke da 87 sai ta ci ninki biyu na wuta kafin ta yi ƙarar mai 90. Kada kuma lambar wat ta ruɗe ku. Kafin kunne ya ji ƙara ta ninka, sai an ninka wat sau goma, wato daga 10 zuwa 100. Falon gidajenmu na Congo da Makéa da Nkololoun taku nawa ne? Wat 10 zuwa 15 a kowane gefe, da lasifika mai amsawa, sun isa har maƙwabci ya aiko yaro. A duba kuma lambar om, wadda yawanci 4 ce ko 8, a ɗaura wayar lasifika a ramin da ya yi daidai da ita a bayan amfilin.

Abu na biyu, wace fitila ce a ciki? Kowacce tana da lambarta a jikin gilashi. EL84 ƙarama ce, biyu a kowane gefe suna ba da wat 10 zuwa 15, kuma da ita aka yi Leak Stereo 20 na Ingila a 1958. EL34 ta fi ta girma, biyu suna ba da wajen wat 35, kuma ita ce a cikin Dynaco ST-70 na Amurka da ya fito a 1959, wanda aka sayar da dubban ɗaruruwansa. Masu sauraro da yawa suna yabon waɗannan biyun wajen fitar da murya. KT88 ta fi su ƙarfi da kaurin amo, ita ce a cikin McIntosh MC275 na 1961 mai wat 75 a kowane gefe, amma wannan kayan masu hannu da shuni ne. Akwai kuma 300B, wadda kamfanin Western Electric ya fitar a 1938. Ita ce ake yi wa kirari da sarauniyar tsakiyar sauti, sai dai wat 8 kacal take bayarwa, tana bukatar lasifika ta musamman, kuma kuɗin guda biyu na iya sayen wani amfilin sukutum.

Shawararmu ga mutumin New Bell ita ce ya tsaya kan EL84 ko EL34, dalili kuwa shi ne fitila tana tsufa. Manyan sukan yi awa dubu biyu zuwa uku kafin su raunana, ƙananan irin su ECC83 sukan daɗe fiye da haka. Masana'antun da suka rage suna yin su kaɗan ne, yawancinsu a Rasha da Sulobakiya da Sin, kuma a 2022, da yaƙin Yukiren ya ɓarke, farashinsu ya yi tashin gwauron zabo a duniya. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ya sayi amfili mai baƙuwar fitila da ba a samunta ko a Legas, ranar da ta mutu ya samu teburin ɗora kwano. A tambayi mai sayarwa kuma ko amfilin yana daidaita wutar fitilunsa da kansa, ko kuwa sai mai gyara ya sa ma'auni duk lokacin da aka canja su. Mai daidaita kansa ya fi sauƙin zama da shi.

Abu na uku, a yi hattara da kyan ɗan maciji. Akwai ƙananan akwatuna da aka dasa wa fitila biyu a ka, aka sa ƙwan lantarki shuɗi a ƙarƙashinsu don su yi walƙiya, alhali tiransisto ne ke yin aikin a ciki. Wasunsu fitilar na ɗan taɓa sautin kafin ya wuce, kuma ba laifi idan an faɗa maka gaskiya an sayar maka a kuɗinsa. Wasu kuwa ko cire fitilar ka yi, kiɗa ba zai tsaya ba. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: ɗaga shi. Amfili mai fitila na gaske yana ɗauke da taransifoma uku, ɗaya ta wuta, biyu na lasifika, kuma ƙarfe ne da tagulla zalla. Shi Dynaco da muka ambata ya kai wajen kilo 14. Abin da ka ɗaga da yatsa biyu kamar kwalin sukari, ba shi ba ne. Hasken fitilar gaske ja-ja ne mai rauni kamar garwashi a cikin toka, kuma sai ta yi kusan rabin minti kafin sauti ya fito. A duba saman gilashin: akwai wani tabo mai kama da azurfa. Idan ya koma fari kamar alli, iska ta shiga, fitilar ta mutu. Idan kuma bayan an kunna aka ga babban ƙarfen da ke ciki ya yi ja zur, a kashe nan take, akwai cuta.

Abu na huɗu, kada a yi cinikin biri a sama. An ce gani ya kori ji, amma a wannan cinikin ji ne ya kori gani. Ka tafi da abin saurarenka da ka sani kamar yunwar cikinka, waƙar da ka haddace ko karatun da kake ji kullum, da kuma muryar mace guda, domin a nan ne kaifin sauti ke tona kansa. Kada ka yarda da kiɗan da mai shago ya zaɓa, kada kuma ka bari ya ƙure ƙara, don duk abin da aka ƙara wa ƙara sai kunne ya ce ya fi daɗi. A rage shi zuwa yadda za ka ji shi a gida bayan lisha. Shin kana rarrabe kalmomin 'yan amshi daga na mawaƙi? Shin harafin sa da tsa suna fita ba tare da sun soki kunne ba? A tsayar da kiɗan a kasa kunne kusa da lasifika: ɗan huci kaɗan ba komai, amma gurnani mai kauri alama ce ta tsufan kwandansa. Ka zauna aƙalla rabin awa, domin wata cutar ba ta fitowa sai akwatin ya yi zafi. A tuna kuma cewa amfili ba ya tayar da matacce. Waƙar da aka kwafa daga kaset zuwa kaset, aka tura ta waya zuwa waya har ta shaƙe, ko da wane akwati aka sa ta a shaƙe za ta fito.

Abu na biyar shi ne wanda littattafan Turawa ba za su gaya muku ba, wato garin da muke zaune. Duwala na samun ruwan sama fiye da milimita 3,500 a shekara, fiye da ninki uku na abin da Garwa ke samu, ga iskar teku mai gishiri. Danshi yana cin ƙafafun fitila da ramukansu, yana shiga taransifoma. Unguwarmu kuma a kwari take, kowa ya san yadda ruwa ke shiga ɗakuna a Yuli da Agusta. Don haka ba a ajiye amfili a ƙasa, ba a jingina shi da bango mai tsattsafo, ba a kuma barinsa wata da watanni ba a kunna ba. Zafinsa ma abin lissafi ne. Ba a rufe shi da kyalle mai ado ko a cusa shi cikin kabad, sai an bar masa sarari aƙalla taƙi guda a sama, kuma a ɗaki mai rufin kwano a watan Maris za ka san da zamansa.

Sai wutar lantarki. Tamu bolt 220 ce. Kayan Amurka na 120 ne, na Japan 100, kuma duk wanda aka soka kai tsaye ya tafi ke nan, sai a karanta bayan akwati kafin a biya. Wutar unguwa takan yi ƙasa da magariba, ta ɗauke, ta dawo da ƙarfi, fitila kuwa ba ta son wannan wasa. Kuɗin na'urar daidaita wuta yana cikin kuɗin amfili, kada a raba su. Idan wuta ta ɗauke a kashe shi, in ta dawo a ba shi 'yan mintoci. Ga cin wuta: mai EL34 huɗu yana shan wat 150 ko fiye, ana kiɗa ko ba a yi. Awa huɗu a rana, a wata ya kama kilowat-awa 18 a kan mita. A gidan haya da ake raba kuɗin wuta tsakanin ɗakuna, wannan kaɗai ya isa ya haɗa ka da maƙwabta.

Akwai gargaɗi biyu da muke roƙon kada a yi wasa da su. A cikin wannan akwati akwai wuta mai bolt 300 zuwa 500, kuma kwandansa na riƙe ta ko bayan an zare waya daga bango. Ba wurin koyon gyara ba ne, kuma gilashin ya fi tafasasshen ruwa zafi, ga gidajenmu cike da yara masu rarrafe. A nemi mai murfin raga, a ɗora shi inda hannu ba ya kai. Na biyu, ba a taɓa kunna amfili mai fitila ba tare da an ɗaura masa lasifika ba, domin hakan na iya ƙona taransifomarsa, wadda ita ce mafi tsada a jikinsa.

Wannan ya kawo mu ga tsofaffin rediyoyin da ke kwance a ɗakunan iyayenmu, waɗanda 'yan gwangwan ke zagayawa suna saye a kuɗin ƙarfe. Kada a yi gaggawar rabuwa da su, da tsohuwar zuma ake magani. Da yawansu suna da fitila da lasifika masu fitar da murya fiye da abin da ake talla yau, kuma a bayansu akwai ramin da ake ɗaura garmaho, wanda mai gyara zai iya mayarwa ya karɓi waya. Amma kada a soka su a wuta bayan shekara talatin suna barci. A kai wa tsohon mai gyaran rediyo ya canja kwandansa, ya tashe su a hankali. A tambaye shi kuma ko akwatin yana da taransifomar wuta, domin akwai ƙanana da aka yi ba ita, waɗanda ƙarfen jikinsu ke haɗe da wutar bango, kuma irin waɗannan ba a ɗaura musu komai. Masu wannan sani sun tsufa, yaran yanzu kuwa gyaran waya suka koya. Tun kafin ka sayi amfili, ka fara sanin wanda zai gyara maka shi. Idan babu, to amsar tambayarka ta fito.

A taƙaice dai, wa ya kamata ya saya? Wanda ke zama ya saurara, yana da ɗaki busasshe, da lasifika mai amsawa, da mai gyara, da kuma rarar kuɗi bayan ya sallami cefane da haya da kuɗin makarantar yara, wannan zai ji daɗin ƙaramin amfili mai EL84 ko EL34 shekaru masu yawa. Wanda ke neman abin biki ko suna, ko abin da zai kunna tun safe har dare a shago, ba nasa ba ne. Wanda kuma kuɗinsa ƙididdigaggu ne, ya zuba mafi yawansu a lasifika mai kyau, ya haɗa ta da ƙaramin amfilin tiransisto irin wanda ko batirin sola na iya ɗauka. Zai samu mafi yawan abin da yake nema a rubu'in wahala. Mu da muke aji mun san yadda watan Satumba ke zuwa, da yadda ake koro yaro gida saboda ragowar kuɗin da bai kai na fitila biyu ba. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Duk mai ƙarin bayani, musamman dattawanmu masu gyaran rediyo, ƙofar wannan fili a buɗe take.